Jigon Girma a Wasan Kwaikwayon Talabijin na Buffy the Vampire Slayer

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi jigon girma, wato ƙetarawar yaro ko yarinya daga ƙuruciya zuwa matsayin wanda ke ɗauke da nauyin kansa, a cikin wasan kwaikwayon talabijin na ƙasar Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer. Joss Whedon ne ya ƙirƙiro wasan. An fara nuna shi ranar 10 ga Maris, 1997 a tashar WB, ya koma tashar UPN a 2001, aka kuma kammala shi ranar 20 ga Mayu, 2003, bayan zango 7 masu ɗauke da kashi 144. Mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo wasan Ingilishi cikin mujallar harsunan Nijeriya. Dalili shi ne, kayan aikin da muke feɗe tatsuniya da wasan kwaikwayo da su, irin su jigo da warwararsa da alamtarwa, ba a sanin kaifinsu sai an gwada su a kan abin da ba dominsa aka ƙera su ba. Su ma masana a can ba su raina wasan ba, domin tun 2001 David Lavery da Rhonda Wilcox suka kafa mujallar nazari mai suna Slayage saboda shi.

2.0 Matsalar Kalmomi

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a daidaita kafin a shiga nazari. Ta farko ita ce sunan halittar da tauraruwar wasan ke kashewa. Kalmar maye ba ta dace ba, domin maye a tunanin Bahaushe mutum ne rayayye mai kama kurwa, yana zaune cikin jama'a, har ana iya tilasta masa ya saki wanda ya kama. Fatalwa ma ba ta dace ba, tun da ita firgita mutane aka san ta da shi. Halittar wannan wasa gawa ce da ta fito daga kabari, kurwar mai ita ta tafi, wani aljani ya gaje jikin da duk abin da mamacin ya sani. Da jinin mutane take rayuwa, hasken rana yana ƙone ta, tsinin itace a zuciya kuma yana mayar da ita ƙura. A nan za a kira su mashaya jini, sauran miyagun halittu kuwa dodanni.

Ta biyu ita ce balaga. Balaga al'amari ne na jiki da shari'a, Buffy kuwa ta riga ta kai wannan matsayi sa'ad da labarin ya fara, tana 'yar shekara 16. Abin da wasan ya bi diddiginsa shi ne abin da Hausawa ke nufi idan suka ce wance ta yi hankali, ko ta san ciwon kanta. Saboda haka aka zaɓi kalmar girma. Ma'aunin da za a yi amfani da shi kuwa na Arnold van Gennep ne, wanda a 1909 ya nuna cewa al'adun ƙetarawa daga wani matsayi zuwa wani suna da matakai uku: rabuwa da tsohon matsayi, da zaman tsaka-tsaki, da komawa cikin al'umma da sabon matsayi.

3.0 Dodo a Matsayin Alama

An gina labarin a wani ƙagaggen gari mai suna Sunnydale a jihar Kalifoniya, inda makarantar sakandare ke zaune a kan ƙofar da dodanni ke fitowa ta cikinta. A kowane zamani yarinya guda ake zaɓa a ba ta ƙarfin yaƙar su, wata majalisa ta masu sa ido da ke Ingila kuma ta naɗa mata mai horo. Mai horon Buffy, wadda Sarah Michelle Gellar ta fito a matsayinta, shi ne Giles, ma'aikacin laburaren makarantar. Abokanta na kusa su ne Willow da Xander.

Salon da ya mamaye zangon farko shi ne a ɗauki abin da matashi ke faɗa a matsayin kambamawa a mayar da shi zahiri. A kashi mai suna "Witch", uwa ce ta yi tsafi ta musanya jiki da 'yarta domin ta sake cin zamanin 'yanmatancinta. A "Out of Mind, Out of Sight", wata ɗaliba mai suna Marcie da malamai da ɗalibai ba sa kulawa da ita ta wayi gari ido ba ya ganin ta. A "The Pack" ruhin kuraye ya shiga wasu ɗalibai masu cin zalin 'yan'uwansu, har huɗu daga cikinsu suka cinye shugaban makarantar. Waɗannan misalai ba su da wuyar warwarewa, kuma da wasan ya tsaya a nan, da bai wuce tatsuniyar gargaɗi ba.

Zango na biyu ne ya kai wannan salo ƙololuwarsa, a kashi biyu masu suna "Surprise" da "Innocence" da aka nuna a watan Janairu, 1998. Saurayin Buffy, Angel, mashayin jini ne da ya haura shekara 200, wanda aka la'anta ta hanyar mayar masa da kurwarsa domin ya ɗanɗani zafin laifuffukan da ya aikata. Sharaɗin la'anar shi ne, duk ranar da ya sami cikakken farin ciki ko da na ƙiftawar ido ne, kurwar za ta tafi. Daren da Buffy ta cika shekara 17 suka sadu, gari na wayewa sai ga shi ya rikiɗe ya zama azzalumi, yana yi mata ba'a game da daren, daga baya ma ya shiga farautar na kusa da ita. Ma'anar a fili take: saurayin da ya sauya fuska bayan ya sami abin da yake nema. Ana iya cewa wasan ya hukunta yarinyar ne kawai, kamar yadda labaran gargaɗi suka saba. Ni dai ban ga haka ba, saboda abin da ya biyo baya. A cikin mota Buffy ta ɗora wa kanta laifi, tana jiran faɗa daga Giles, shi kuwa ya amsa cewa ta yi gaggawa, amma ya ƙi la'antar ta, ya tabbatar mata da goyon bayansa da girmamawarsa. Marubucin ya bar mata sakamakon abin da ta aikata da dukkan nauyinsa, bai ƙara mata da tozarci ba. A ƙarshen zangon, a "Becoming", an kore ta daga makaranta, uwarta ta ce in ta fita kada ta dawo, sannan ta soke Angel da takobi domin ta rufe ƙofar halaka, daidai lokacin da kurwarsa ta dawo bai san abin da ya faru ba. Ta shiga mota ta bar gari. Matakin rabuwa ke nan, an yi shi ta fuska uku a kashi guda.

4.0 Manya da Amanarsu

Kashin da ya fi dacewa da ma'aunin van Gennep shi ne "Helpless" na Janairu, 1999. Al'adar majalisar masu sa ido ce idan yarinyar ta cika shekara 18 a raba ta da ƙarfinta a ɓoye, a kulle ta a gida ɗaya da mashayin jini, a ga ko za ta tsira da dabararta. Giles ne aka sa ya riƙa yi mata allurar da ke kashe mata jiki ba da saninta ba, a makon da mahaifinta na jini ya saɓa alkawarin da ya saba cika mata na fita tare ranar haihuwarta. Ta ci jarrabawar, ta hanyar yaudarar abokin gabarta ya haɗiyi maganinsa da ruwa mai tsarki na coci. Wakilin majalisa ya taya ta murna, ya kuma sallami Giles daga aiki saboda ya tona mata asirin, yana mai cewa son da yake yi mata irin na uba ne.

Gwajin juriya ba baƙon abu ba ne ga al'ummu. A shaɗin Fulani, alal misali, saurayi ya san abin da zai fuskanta, ya yarda da shi, jama'a kuma suna tsaye suna shaida, in ya jure su karɓe shi da yabo. A nan babu sani, babu yarda, babu shaidu. Saboda haka mataki na uku ya juye: maimakon manya su karɓi yarinyar, ita ce ta yanke hulɗa da majalisar a ƙarshen zangon, ta kira hakan sauke karatunta. Karɓar da ta samu daga tsararta ta zo, a "The Prom", inda 'yan ajinsu, waɗanda ta zaci ba su san wahalar da take sha dominsu ba, suka ba ta kyautar 'yar laima a matsayin mai kare ajin. Bikin yaye ɗaliban kuwa ya ƙare da magajin gari ya rikiɗe ya zama ƙaton maciji, ɗalibai suka fito da makamai daga ƙarƙashin rigunan bikin, aka tarwatsa ginin makarantar da nakiya. An ɗage nuna wannan kashi daga Mayu zuwa Yuli, 1999, saboda harbe-harben makarantar Columbine na watan Afrilu na shekarar.

5.0 Ranar da Babu Dodo

A ganina, girman Buffy bai tabbata a ko ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Ya tabbata ne a "The Body", wanda aka nuna a watan Fabrairu, 2001. Ta dawo gida ta tarar da uwarta, Joyce, kwance a kan kujera ido buɗe, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa bayan aikin da aka yi mata. Babu tsafi a ciki, babu wanda za a rama a kansa. An cire kiɗan da ke raka hoto daga farkon kashin har ƙarshensa, aka bar mai kallo da ƙarar iska da hayaniyar yaran maƙwabta. Yarinyar da ke karya dodanni ta danna ƙirjin uwarta domin ta farfaɗo da ita, sai ƙashin haƙarƙari ya karye. Ƙarfin da wasan ya shafe shekara huɗu yana tallatawa ya zama ba shi da amfani, har ma ya yi ɓarna.

Mai nazarin harshe zai fi lura da kalma guda. Ma'aikaciyar da ta amsa wayar neman agaji ta kira Joyce da kalmar da ke nufin gawa, Buffy ta ƙi amincewa, ta ce ai mahaifiyarta ce. Jim kaɗan da Giles ya shigo ya nufi wurin, sai ita da bakinta ta daka masa tsawa kada ya motsa gawar, sannan ta toshe baki don jin abin da ta furta. Ƙetarawar duka a tsakanin waɗannan kalmomi biyu ta auku. Mashayin jini ɗaya tak ya fito a kashin, a ɗakin ajiye gawa, kuma faɗan da aka yi da shi ƙazami ne, ba shi da armashi.

Zango na shida ya ci gaba a kan wannan turba: bututun ruwa ya fashe a gida, banki ya hana ta rance, ta kama aiki a shagon sayar da abinci, jami'ar jin daɗin jama'a kuma tana barazanar karɓe ƙanwarta Dawn. Sai dai a nan ne salon alamtarwa ya yi tuntuɓe. Tsafin Willow, wanda a da yake nuna yadda yarinya mai kunya ta sami ilimi da ƙarfin hali, an mayar da shi ƙwaya a "Wrecked", da dillali da maye da haɗarin mota. Alama tana aiki ne idan akwai tazara tsakaninta da abin da take nunawa. Da tazarar ta ɓace, sai kashin ya koma wa'azin hana shaye-shaye.

6.0 Wadda Ba a Bari Ta Girma Ba

An rufe wasan da Buffy ta raba ƙarfinta ga duk 'yan matan da ke da rabon zama irinta, ta rushe dokar yarinya guda a kowane zamani. Masu nazari da dama sun yaba wannan, kuma ya dace da jigon. Amma mai kallo daga wannan nahiya ba zai kasa lura da inda aka ajiye tushen zaluncin ba. A "Restless" na 2000 an nuna yarinyar farko da aka ba wannan ƙarfi: baƙar fata ce, fuska shafe da farar ƙasa, tana tafiya a duƙe kamar dabba, mafi yawan abin da take nufi kuma wata farar yarinya ce ke faɗa a madadinta. Buffy har ba'a ta yi wa gashinta. A "Get It Done" na 2003 aka bayyana cewa wasu dattawa uku baƙar fata ne suka ɗaure ta da sarƙa suka cusa mata ruhin aljani. Kafin nan akwai Kendra, baƙar yarinya mai aiki irin na Buffy, wadda ba ta san komai ba sai biyayya ga mai horonta. Kashi uku kacal ta fito, aka yanke mata maƙogwaro a 1998. An ba Buffy shekara bakwai ta yi kuskure ta gyara, ta yi jayayya da manya ta ci nasara. Waɗannan biyu kuwa an kawo su ne domin a auna nisan da ta yi, ɗaya ba ta da bakin magana, ɗaya kuma an kashe ta kafin ta fara tambayar umurnin da ake ba ta.