Tsohon Wasan Kratos Da Aka Sake Wa Fenti: Me Ya Rage A Cikinsa?



Gidajen gem sun zama ruwan dare a garin nan, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, kuma unguwarmu ma ba a bar ta a baya ba. Abu biyu ne suka fi cin kasuwa a cikinsu. Na farko ƙwallo, wadda ba ta buƙatar bayani. Na biyu shi ne wasan wani ƙato mai sanƙo, fari fat kamar an tsoma shi a toka, da jan zane daga ido har kafaɗa, yana wulwula wuƙaƙe biyu ɗaure da sarƙa. Sunansa Kratos, wasan kuwa God of War III Remastered. Iyaye da dama sun tare mu bayan salla suna tambaya, wai Malam mene ne wannan abu da yara ba su da zance sai nasa? Tun da bai kamata mutum ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, sai muka nemi samari uku magidanta da suka iya shi, suka buga mana daga farko har ƙarshe a 'yan darare bayan isha'i, mu ma muka karɓi fad ɗin muka taɓa. Ga abin da muka gani.

Da farko dai wasan ba sabo ba ne. Kamfanin Sony ne mai shi, ma'aikatarsa ta Santa Monica a Amurka ce ta ƙera shi. Kashi na ɗaya ya fito a 2005 a kan PlayStation 2, na biyu a 2007. Waɗannan su ne samarin da yanzu suka yi aure suka taso da su. Kashi na uku ya fito a watan Maris na 2010 a kan PlayStation 3, sannan a watan Yuli na 2015 aka sake fito da shi a kan PlayStation 4 bayan an yi masa kwaskwarima. Wannan na 2015 shi ne yake yawo a shagunanmu, domin kayan irin wannan sai sun tsufa a Turai kafin su iso mana a matsayin Baljiyam.

Mece ce kwaskwarimar? Mu 'yan kasuwa mun san ta sarai. Ka ɗauko rigar gwanjo mai kyaun yadi, ka wanke, ka sa bula, ka yi mata guga, ka rataye. Ɗinkin bai canza ba, aljihun yana inda yake. To haka aka yi wa wasan nan. An ƙara wa hoton tsabta daga ma'aunin 720 zuwa 1080, an sa motsinsa ya kai hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, an haɗa da 'yan tufafin da a da sai an saya daban, an kuma ƙara wata dama ta tsayar da wasa a ɗauki hoto. Shi ke nan. Ba a ƙara labari ba, ba a ƙara bos ko ɗaya ba. Wanda ya gama shi a 2010 ba zai tarar da wani baƙon abu ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, yadin mai kyau ne. Rabin sa'ar farko kaɗai ta isa shaida. Wasan yana buɗewa Kratos yana kan jikin wata ƙatuwar halitta mai suna Gaia, wadda jikinta ƙasa ne da duwatsu da itatuwa, tana hawa dutsen Olympus. Wato filin da kake faɗa a kansa shi kansa rai gare shi: ta ɗaga hannu, ƙasa ta koma bango, ka koma kana lilo, ta juya, ka koma a kife. Can gaba kuma akwai karo da Cronos, wanda Kratos a tafin hannunsa bai wuce ƙuda a bayan sa ba. Shekara goma sha da yin wannan aiki, amma har yau idan aka zo wurin sai ka ji shago ya yi tsit. Masu aikin sun san girma, sun san yadda ake sa ɗan Adam ya ji shi ƙanƙani ne.

Faɗan ma bai tsufa ba, kuma a nan ne kwaskwarimar ta yi rana. Da yake motsin ya daina sarƙewa, kana danna maɓalli wuƙa tana fita, babu jinkiri. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce, bugu mara nauyi biyu sai mai nauyi ɗaya, ka kare, ka mirgina gefe. Yaro zai koya a minti biyar, amma ƙwarewa sai an daɗe. Mun lura duk wanda ya shiga da garaje yana danne-danne barkatai, bos ɗin farko ma ba ya wucewa a mataki mai wuya. Sai mai haƙurin karanta motsin abokin gaba. Abin dariya, wasan da labarinsa duk fushi ne, mai sanyin zuciya ne yake cin sa.

Inda tsufa ya nuna kuwa, guga ba ta ɓoye shi ba. Kyamarar ba a hannunka take ba, inda masu wasan suka ajiye ta nan za ka kalla, shi ya sa sau da yawa mutum zai yi tsalle ya faɗa rami don bai ga zurfin wurin ba. Yaran da suka saba da sababbin wasanni suna ta ƙorafi a kan wannan, kuma suna da gaskiya. Manyan makamai huɗu ne, amma uku duk ɗan Juma ne da ɗan Jummai, ƙarfe ne a bakin sarƙa. Safar ƙarfe mai kan zaki da ake ƙwacewa daga Hercules ita kaɗai ce ta fita daban. Sannan ga al'adar nan ta a nuno maka maɓalli a allo a ce danna maza, in ka kuskure a maimaita. A 2010 abin burgewa ne, yau ya zama kamar karatun allo na wanda bai san ma'ana ba. Wasanin gwada ƙwaƙwalwa da aka cusa a tsakiya, ban da na lambun Hera wanda yake da dabara ta gaske, yawancinsu jan akwati ne daga nan zuwa can. Gaba ɗaya wanda ya iya zai gama cikin awa tara zuwa goma.

Yanzu bari mu zo kan labarin, domin shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Yawancin yaranmu ba sa sauraron maganar da ake yi a ciki, Turancin yana musu sauri, jira kawai suke a koma sara. Da sun saurara da sun ji abin da ya shafe su. Kratos jagoran mayaƙa ne na Sparta a tatsuniyoyin Yunanawa, wato mutanen Girka na da. Ranar da abokan gaba suka kusa kashe shi, sai ya sayar da kansa ga wani babba mai suna Ares don ya tsira. Ares ya ɗaura masa wuƙaƙen nan da sarƙa a hannu, ya riƙa aika shi ƙona garuruwa, har ranar da ya yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa. Farin da ke jikinsa tokar gawarsu ce ta manne masa.

Jama'a, wane mutumin Gombe ne zai ji wannan bai tuna komai ba? Tun wajen 2003 garin nan ya san Kalare. Mun ga yadda ake ɗaukar saurayi mai ƙarfi da zuciya, a ba shi adda da abin maye da 'yan kuɗin kashewa, a nuna masa wanda zai sara. Zaɓe ya wuce, mai gidan ya shige mota, shi kuma a bar shi da tokar abin da ya aikata, unguwa tana gudunsa, uwarsa tana kuka. Ba mu ce wasan gem ne ya haifi Kalare ba, Kalare ta riga shi zuwa garin nan, kuma talauci da siyasa ne iyayenta. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya rubuta labarin Kratos ya san yadda ake mayar da mutum makami.

Kashi na uku kuma labarin ramuwa ne zalla, kuma marubutan ba su ɓoye kuɗin da ake biya ba. Ya kashe Poseidon, teku ta ɓalle ta cinye garuruwa. Ya kashe Helios, rana ta dushe. Ya kashe Hermes, annoba ta sauka. Ya kashe Hera, tsirrai suka bushe. Kowace nasara tasa talaka ne yake biyan ta, kuma kana hango su a gefen allo suna ihu, babu mai waiwayarsu. Mu da muke kwana da fargabar ambaliya da zaizayar ƙasa duk damina, mun san wa ruwa yake fara ci idan manya suka yi sakaci. Ƙarshenta wanda yake farauta, Zeus, mahaifinsa ne. Ya kashe shi, ya waiwaya, duniya ta zama kufai, bai samu sanyin zuciyar da yake nema ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa shari'armu ta cire ramuwa daga hannun mai fushi ta miƙa wa alƙali, ta sa mata iyaka, ta kuma buɗe ƙofar yafiya.

To da a nan aka tsaya, da mun ce madalla. Matsalar ita ce bakin wasan yana wa'azi, hannunsa yana saɓawa. Labarin yana ce maka ramuwa halaka ce, amma maɓallan suna biyan ka lada a kan kowace mugunta. Wajen kashe Poseidon, sai a juya kyamara ka koma kallo ta idon wanda ake duka, sannan a ce ka danna sanduna biyu na fad da manyan yatsunka, daidai yadda ake ƙwaƙule ido. Helios kuwa da hannu ake tsinke masa kai, ka riƙa yawo da kan kana haska hanya kamar tocila. Akwai wata baiwar Allah da ba ta yi laifin komai ba, ana tura ta cikin injin ƙofa don ƙofar ta tsaya a buɗe. A ƙarshe, dukan Zeus ba ya tsayawa sai ka gaji da dannawa, allon ya rine da jini. Kuma a nan ne tsabtar hoton ta zama abin tsoro: abin da a da yake dishi-dishi, yanzu jijiya-jijiya ake ganinsa. Ban da wannan akwai ɗakin Aphrodite, inda tsiraici da batsa suke a fili. Ana iya wuce ɓangaren batsar ba a taɓa ba, amma wa zai gaya wa ɗan shekara goma sha biyu ya wuce?

Su kansu masu shi ba su ce na yara ba ne. A bayan kwalin na Turai an rubuta 18 ɓaro-ɓaro, na Amurka kuma harafin M, wato daga shekara 17. Mu ne da yake wasan yana zuwa mana a loda cikin na'ura ba kwali, babu mai ganin wannan gargaɗi.

Sai batun suna da aƙida, wanda shi iyaye suka fi tambaya. Waɗanda ake kira alloli a wasan nan gumakan Yunanawa ne, irin su Tsumburbura da Barbushe yake yi wa hidima a Dala kafin Musulunci ya kafu a Kano. Suna ƙarya, suna kishi, suna tsoro, suna mutuwa. Baligi mai karatun tauhidi ba zai ruɗe da su ba, hasali ma zai ƙara ganin wautar bauta wa abin da ake iya fille wa kai. Malaman Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun sun fassara likitanci da lissafi da manɗiƙin Yunanawa, suka bar musu gumakansu; wannan ita ce tankaɗe da rairaya. Amma yaron da bai gama Ahalari ba bai da rariyar. Mun ji da kunnenmu yara suna fassara sunan wasan kai tsaye zuwa Hausa suna kiran junansu da shi. Wannan kam a tsawatar, harshe ba ya wasa da sunan Ubangiji.

Wani abin lura, su ma masu wasan da suka girma suka haihu, sun sauya. A 2018 sun fito da ci gabansa, inda Kratos ya tsufa, ya tara gemu, yana renon ɗansa Atreus, yana fama ya hana yaron gadon fushinsa. Shi ma na manya ne, akwai jini, amma wanda ya ga na 2015 bai ga wannan ba, rabin labari ya ji.

Hukuncinmu a taƙaice: ta fuskar sana'a, wasan ya riƙe darajarsa, ginin da faɗan har yau suna da ƙarfi, kwaskwarimar kuma ta gaskiya ce ko da yake ba ta da yawa. Ta fuskar tarbiyya, ba abin da za a ajiye a gaban yaro ba ne, ko kusa. Ga 'yan'uwanmu masu gidajen gem, mun san neman halali kuke, ga kuɗin mai ga haya. Amma mai chemist na kirki ba ya sayar wa yaro kowane magani don ya zo da kuɗi. Ku bar wa ƙanana ƙwallo da tseren mota, ku kashe na'ura idan an kira salla, kada ku karɓi mai kayan makaranta a lokacin aji. Ga iyaye, duka da zagi ba sa hana yaro komawa, sai dai su koya masa ɓuya. Ku taka ku shiga shagon, ku gai da mai shi, ku ga abin da ke allon. Ga samari baligai da suka riga suka buga shi, ku koma ku saurari labarin da kyau, sannan ku tambayi kanku wa yake riƙe da ɗaya bakin sarƙar duk ranar da wani babba ya miƙo muku adda.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalam.