Taimako ko Bashi? Matsayin Ƙungiyar 'Yan Umuofia a Littafin No Longer at Ease

Masu nazarin No Longer at Ease, ƙagaggen labari na biyu da Chinua Achebe ya wallafa a 1960, sun fi mayar da hankali ga tauraronsa, Obi Okonkwo, da yadda ya faɗa tarkon cin hanci. Ba a cika tsayawa a kan ƙungiyar da ta ilimantar da shi ba, watau Ƙungiyar Ci Gaban Umuofia, reshen Ikko. Alhali kuwa ita ta tura shi karatu Ingila, ita ta tarye shi da ya komo, ita ce kuma ta ɗaukar masa lauya da ya shiga hannu. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa ƙungiyar ce ƙashin bayan labarin, kuma ta hanyarta ne mawallafin ya tambayi abin da ake nufi da taimakon gida idan 'yan gida suka yi shi daga nesa.

Irin wannan ƙungiya ba ƙage ba ce. Tun daga shekarun 1920 mutanen kudancin Nijeriya da neman abinci ya kai birane, kamar Ikko da Fatakwal da Sabon Garin Kano, suka shiga kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ko 'yan kabila ɗaya, suna karo-karo don binne mamacinsu, da samar wa sabon zuwa aiki, da gina makaranta a gida. Ƙungiyar Ibibiyo, wadda aka kafa a 1928, ta tura ɗalibai 6 ƙasashen waje a 1938 da kuɗin jama'arta. Ɗaya daga cikinsu, Udo Udoma, ya karanta shari'a a Dablin, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Yuganda daga baya. Ashe abin da Achebe ya sa a bakin 'yan Umuofia abu ne da masu karatunsa na farko suka gani da idonsu.

'Yan ƙungiyar, kamar yadda littafin ya siffanta su, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. Ba su ɗauki Ikko gida ba, zaman baƙunci suke yi. Sukan je hutu Umuofia bayan shekara biyu, in sun tara abin da suka tara su yi aure ko su gina gidan kwano a filin gado. Waɗannan mutane ne suka matse bakin aljihunsu har suka haɗa fam 800 suka tura Obi Ingila. Sun kira kuɗin tallafin karatu, amma sharaɗinsa shi ne a biya su cikin shekara 4 bayan an komo. Sa'an nan ba kowane karatu suka tura shi ba. Shari'a suke so ya karanto, don ya riƙa tsaya musu a rigingimun gonaki da ke tsakaninsu da maƙwabta. Shi kuwa da ya isa can sai ya karanta Ingilishi.

A nan ne tushen rikicin yake. Abin da ƙungiyar ta bayar yana da suna biyu, kowane ɓangare kuma ya riƙe sunan da ya fi masa daɗi. In ana maganar godiya da biyayya, kyauta ce wadda talakawa suka hana cikinsu suka yi. In ana maganar kuɗi, bashi ne mai wa'adi. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma shi wanzami ya san inda askinsa zai ƙare. Obi bai san iyakar nasa ba, domin ko ya biya fam 800 har kobon ƙarshe, ba zai fita daga zama ɗan da gari ya saya wa ilimi ba. Achebe ya nuna wannan tun a bikin tarya. Kowa ya zo cikin babbar riga ko kwat, Obi ya zo da 'yar shat saboda zafi. Sakatare ya karanta jawabin maraba cikin Turanci mai nauyi, Obi ya mayar da jawabi cikin Turanci mai sauƙi, jama'a suka ji ba su gamsu ba. Abin dariya ne a zahiri, amma mutanen suna da hujja: sun zo ganin abin da kuɗinsu ya sayo ne.

Ya kamata a dubi lissafin, domin mawallafin bai yi wasa da shi ba. Albashin Obi bai kai fam 50 a wata ba. Daga ciki fam 20 na ƙungiya ne, watau wata 40 ke nan kafin ya fita. Ga abin da yake aika wa iyayensa, ga kuɗin makarantar ƙanensa, ga inshorar mota, ga haraji. Motar ma ba don nishaɗinsa kawai ba ce, domin 'yan Umuofia ba za su yarda ɗansu babban ma'aikaci ya riƙa yawo a ƙasa ba. Su ne ke karɓar kusan rabin albashin, su ne kuma ke son ya yi rayuwar wanda ba a karɓar masa kome. Ba a banza ba ne kuɗin da aka kama shi da su a ƙarshe suka zama fam 20, daidai da abin da yake zuba wa ƙungiya kowane wata.

Wajen da littafin ya fi ƙarfi shi ne zaman da Obi ya roƙi a ɗaga masa ƙafa na wata 4 kafin ya fara biya. Shugaba ya amince, amma kafin ya rufe baki sai ya kawo zancen yarinyar da aka ji Obi yana nema, watau Clara, wadda osu ce. A al'adar Ibo ta dauri, osu shi ne wanda aka keɓe wa abin bauta, shi da zuriyarsa, ba a aure da su. Obi ya fusata ya fice, ya kuma ƙi karɓar sassaucin don girman kai. Abin lura shi ne yadda zance ɗaya ya haɗa kuɗi da aure ba tare da kowa a wurin ya ga baƙon abu ba. A wurinsu wanda ya ba da rance yana da bakin magana a kan matar da za a kai gida. Da haka gadon gargajiya, wanda ƙungiyar ta ɗauko daga Umuofia don ya ɗebe wa 'ya'yanta kewa, ya koma linzami. Harshen gida da karin magana da fasa goro suna cikin kayan da aka ɗauko, amma ƙyamar osu ma tana ciki, ba wanda ya zauna ya tace. Ba kuma za a ce ƙungiyar ce ta ƙirƙiro ƙyamar ba. Mahaifin Obi, Isaac, wanda ya ƙare rayuwarsa yana hidimar coci, shi ma ya ƙi auren, mahaifiyarsa kuwa ta ce in ya yi shi tana raye za ta kashe kanta. Ƙungiyar kunne ce da bakin gida a cikin birni.

Game da cin hanci, hukuncin Achebe a kan ƙungiyar ya fi kaifi. A zaman nan dai an saurari ƙarar wani masinja, Joshua Udo, da aka kora daga gidan waya, aka kuma yarda a ranta masa fam 10 ya nemi wani aiki, kowa kuwa ya san hannun da kuɗin za su faɗa. Da aka kama Obi, abin da ya fi ɓata musu rai shi ne ƙanƙantar kuɗin, da kuma wautar karɓa da hannunsa maimakon ya sa a miƙa wa boyinsa. Amanarsu tana da ƙarfi, amma iyakarta iyakar Umuofia. Gwamnati a wurinsu abin wasu ce, wajibin ɗan gari shi ne ya ɗebo wa gari rabonsa. Duk da haka mawallafin bai mayar da su miyagu ba. Da mahaifiyar Obi ta rasu ya ƙi zuwa jana'iza, sun zage shi a bayan ido, sa'an nan suka cika masa gida da ta'aziyya. Da ya jawo musu kunya, sun sake buɗe asusunsu. Naka sai naka, ko da ya ɓata.

Mai karatu Bahaushe zai so ya gwada wannan da zaman zango. Abner Cohen, a nazarin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa baƙo a can yana dogara ne ga maigida, mai masauki da dillancin goro ko shanu, da sarkin unguwa, da kuma zumuncin ɗariƙar Tijjaniyya. Wanda ya ci arzikin maigida ya san fuskar mai binsa, yana iya lallashinsa ko ya sake wani. Obi kuwa gari guda ne ke binsa, da sakatare da littafin lissafi.

Inda littafin ya gaza shi ne wajen auna faɗuwar tauraron. An ɗauki babi da yawa ana ɗaura masa nauyi, amma karɓar hancin kansa an taƙaita shi a shafuka kaɗan na babin ƙarshe, har mai karatu ya ji kamar an ba shi labari ne, bai gani ba. Clara ma ba ta samu rabin kulawar da aka ba zaman ƙungiya guda ɗaya ba. Sa'an nan ba a nuna abin da ita Umuofia ta ƙaru da shi daga duk wannan karo-karo ba, in ban da alfaharin ranar tarya. Achebe ya rufe labarin da nuna cewa ba wanda ya gane dalilin abin da Obi ya yi, daga alƙali har maigidansa Bature, har su 'yan Umuofia. Jahilcin alƙali da na Bature abin yarda ne. Na 'yan Umuofia kuwa da wuya a karɓe shi, domin su ne suka yanka masa fam 20 a wata, a gabansu kuma ya tashi ya roƙi sassauci.