Sharhi a Kan Lafazin "Sana'o'i Marasa Tsari": Misali Daga Briqueterie ta Yawunde

Keith Hart ne ya fito da wannan ra'i a maƙalarsa ta 1973, bayan binciken da ya yi a unguwar Nima ta birnin Akara. Manufarsa ita ce ya nuna cewa mutanen da ake lissafawa a matsayin marasa aikin yi suna da hanyoyin neman abinci, illa dai hukuma ba ta san da su ba. Matsalar ta taso ne wajen fassara, domin a Hausa akan ce "marasa tsari", lafazin da ke nuna hargitsi.

Unguwar Briqueterie, wadda ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, ta ƙaryata wannan fassara. Mai tsire a bakin titi yana da maigida wanda ya ba shi jari, da mahaucin da ke ba shi nama bashi, sai an tashi kasuwa ya biya. Tela yana da yaran da ke koyo a hannunsa. Dillali ya san la'adarsa, kuma adashi na da ranar kwasa da ba ta saɓawa. Irin wannan zubi ne Abner Cohen ya bayyana a 1969 game da cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan, inda amana ke tsayawa a madadin takarda. Hasali ma, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikatan Kamaru a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a 1994, waɗannan sana'o'i ne suka riƙe gidaje da dama. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasar na 2005 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na masu aiki, har da manoma, a nan suke.

Sai dai masu yabon wannan tsari su ma sun yi zuru a kan wani abu. Yaron shago ba shi da tsayayyen lada, sai abin da maigida ya ga dama, da alkawarin sallama wanda babu mai tilasta cika shi. In maigida ya rasu ko jari ya karye, shekarun yaron sun tafi ke nan. Asusun fansho na CNPS bai buɗe ƙofa ga masu zaman kansu ba sai a 2014, kuma ko da ya buɗe, sai mai rarar da zai zuba ne zai shiga. Da masu fassara za su ce "sana'o'in da ba su da rajista", da an fi gane inda yaron shago yake.