Sarah Franklin da Matan da Suka Kasa Dainawa

Wata mai sauraro ce ta mayar da ni kan littattafan Sarah Franklin. Ta bugo waya a shirinmu na dare, ta ce sau uku ana yi mata dashen haihuwar kwalba bai kama ba, ta sayar da filinta, ga shi tana neman kuɗin na huɗu. Na yi ta kame-kame, na rasa abin ce mata.

Franklin 'yar Amurka ce, amma a Ingila ta yi suna, har ta zama farfesar ilimin zamantakewa a Jami'ar Kambirij a 2011. A Ingilar ne aka haifi Louise Brown a 1978, jaririyar farko da aka haɗa ƙwan uwa da maniyyin uba a wajen mahaifa. Duniya ta ruɗe da jaririya da likitoci. Ita kuwa Franklin sai ta nufi matan da ke bin layin asibiti, waɗanda akasarinsu hannu rabbana suke komawa gida.

Abin da ta samo shi ne cikin Embodied Progress na 1997, kuma a ganina har yau ba ta rubuta wanda ya fi shi ba. Matan sun shiga ne da niyyar su gwada, in bai yiwu ba su haƙura, zuciya ta huta. Sai abin ya juye. Aikin mataki-mataki ne: allurai, ɗebo ƙwai, haɗawa, dasawa. Mace ta ga ƙwanta ya haɗu, an dasa mata, sannan jini ya zo. Ba ta taɓa matsawa kusa da ɗa haka ba, to yaya za ta daina? Fasahar da aka zo wurinta neman haƙuri ita ce ke hana haƙurin. Da na tuna wannan a daren nan, da aƙalla na gaya wa baiwar Allah ba rashin tawakkali ke damunta ba.

Dolly Mixtures na 2007 ya bi tunkiyar nan da aka samar daga ƙwayar jikin wata tunkiya a 1996, ya bi asalinta cikin tarihin kiwo da cinikin ulu har Ostireliya. Akwai daɗin karatu, duk wanda ya tashi gidan kiwo zai gane. Biological Relatives na 2013 kuwa ya yi mini nauyi. Maganar masana ta danne muryar mata, sai ka yi shafuka ba ka ji numfashin mutum ba.

Babban ƙorafina wani ne. Matar da ke cikin littattafanta tana fama da zuciyarta da aljihunta, amma babu uwar miji a kanta, babu maganar kishiya. Ba laifi ba ne mutum ya yi nazarin inda yake zaune, sai dai kada mai karatu ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Marcia Inhorn, wadda ta yi bincike a Masar da Labanan, ta fi kusa da mu. A can dole a fara da nasaba, tun da fatawar Azhar ta 1980 ta halatta dashen tsakanin miji da matarsa kaɗai, ban da ƙwai ko maniyyin wani.

Ita mai bugo wayar ma ba kuɗin ne ya fi tsaya mata a rai ba. Kafin layi ya yanke ta ce dangin mijinta sun ba ta zuwa babbar salla.