Jini, Harshe da Al'ada: Tarken Littafin Seligman a Kan Jinsunan Afirka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tarken littafin C. G. Seligman mai suna Races of Africa, wanda aka fara bugawa a 1930, aka kuma yi ta sake buga shi har 1966. Jigon littafin shi ne, wayewar da aka tarar a Afirka ba ta baƙar fata ba ce. Wasu makiyaya ne masu hasken fata, wai zuriyar Hamu, suka shigo da ita ta hanyar yaƙi da auratayya.

2.0 Raunin Hujjar

Babban aibin littafin shi ne gwama abubuwa uku mabambanta: jini, harshe da al'ada. Jini gadonsa ake yi, amma harshe da al'ada koyonsu ake yi. Tun a 1911 Franz Boas ya auna 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya gano cewa ko siffar kai takan sauya da muhalli, balle ɗabi'a.

Hujjar harshe ma ba ta tsaya ba. Carl Meinhof, a 1912, ya jera Hausa da Fulatanci cikin harsunan zuriyar Hamu. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike tsakanin Maguzawan Kano, ya warware wannan jeri. A rabe-rabensa na 1963 Fulatanci ɗan'uwan Wolof da Serer ne, Hausa kuwa tana cikin dangin harsunan Cadi. Ya nuna cewa kiwon shanu da launin fata ne suka ja ra'ayin magabatansa fiye da nahawu.

Birnin Kano ma shaida ne. Tudun Nufawa da Zangon Barebari suna ɗauke da sunayen asalin mazaunansu, alhali jikokinsu Hausawa ne a baki da ɗabi'a.

3.0 Kammalawa

Illar wannan ra'ayi ba ta tsaya a takarda ba. A Ruwanda an yi amfani da shi wajen kiran Tutsi baƙi, har aka kai ga kisan kiyashin 1994. Mu ma a nan, duk wanda ya ɗauki labarin Bayajida a matsayin hujjar cewa daga Bagadaza sarauta ta zo mana, sawun Seligman ya bi. Abdullahi Smith ya nuna tun 1970 cewa daga ƙauye zuwa gari zuwa birni sarautar Hausa ta tsiro. Wajibi ne manazarta su fara neman tushen al'ada a ƙasar da ta raine ta.