Shahidan Ƙasar Sin: Su Wa Aka Rubuta?

A shekara ta 1901 Marshall Broomhall ya buga littafi a kan 'yan mishan na China Inland Mission waɗanda aka kashe a tawayen 'Yan Dambe na 1900. Mishan ɗin ya rasa manya 58 da yara 21. Littafin ya tattara wasiƙunsu da hotunansu da labarin waɗanda suka tsira. Wanda ya karanta, zuciyarsa za ta karaya, bangaskiyarsa kuwa ta ƙarfafa. Wannan shi ne amfaninsa, kuma babba ne.

Amma akwai abin dubawa. Turawan mishan na Furotesta da suka mutu a wannan shekara, har da 'ya'yansu, ba su kai 200 ba. Masu bi 'yan ƙasar Sin da aka kashe sun kai wajen 30,000, yawancinsu Katolika. Baƙo yana da ofishin jakadanci da jirgin ruwan da zai koma gida. Manomin Shanxi ba shi da wurin gudu. An ce masa ya ƙona turare a gaban gunki ya rayu, ya ƙi. A littafin Broomhall irin wannan mutum yana gefe, Bature ne a tsakiya.

Abu na biyu shi ne dalilin fushin. Yarjeniyoyin da aka tilasta wa Sin bayan yaƙe-yaƙen ofiyom su ne suka buɗe wa 'yan mishan cikin ƙasar. Saboda haka maƙwabta suka ɗauki Kirista ɗan ƙasa a matsayin yaron Turawa. Tarihin da bai auna wannan ba, bai nuna nauyin gicciyen da 'yan'uwanmu suka ɗauka ba.

A 1903 Luella Miner ta cike wani ɓangare na giɓin da littafinta a kan shahidai 'yan ƙasar. A 1998 kuma aka kafa siffar Fasto Wang Zhiming, ɗan ƙabilar Miao da aka harbe a Yunnan a 1973, a majami'ar Westminster.

'Yan'uwa, mu karanta Broomhall da godiya, amma mu duba namu tarihin. Mun san sunayen Turawan da suka kawo mana bishara. Tsofaffin masu wa'azi na ƙauyukanmu fa, wa ya rubuta nasu? Mu rubuta tun waɗanda suka san su suna da rai.