Farin Ciki Ba Ya Hawa Ma'auni

A shekara ta 2019 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a kan addini da farin ciki a ƙasashe fiye da 20. A Amurka, kashi 36 cikin 100 na masu zuwa sujada a kai a kai suka ce suna da farin ciki ƙwarai. Cikin marasa addini, kashi 25 ne. Wasu masu wa'azi sun riƙe wannan lissafi kamar hujja ce a kan waɗanda ba su gaskata akwai Allah ba. 'Yan'uwa, mu yi hankali.

Da fari, rahoton ya haɗa mutane iri iri a buhu ɗaya. Wanda ya ce ba shi da addini, ba lalle ne ya musunci Allah ba. Da yawa suna addu'a a ɗakinsu. Na biyu, waɗanda suke amsa sunan addini amma ba sa zuwa sujada, su ma kashi 25 ne, daidai da marasa addini. Ashe suna kaɗai bai ƙara wa kowa kome ba. Abin da ma'aunin ya kama shi ne zumunta.

Wannan mun san shi a Duwala. Baƙon da ya sauka a New Bell daga arewa, in zazzaɓi ya kwantar da shi, wa zai kai masa kunu? In an sallami ma'aikaci a masana'antun Logbaba, wa zai taimaka da kuɗin haya? Zumuntar mata da ta matasa ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke riƙe junansu a unguwar Hausawa. Kamaru kuwa ba ta cikin ƙasashen da aka auna.

Akwai kuma Rahoton Farin Ciki na Duniya, inda mutum yake ba rayuwarsa maki daga 0 zuwa 10. A 2018 Finlan ce ta zo ta ɗaya, ƙasar da masu zuwa majami'a kowace Lahadi kaɗan ne. Masanin nan Ed Diener da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa inda rayuwa take da wuya masu addini sun fi jin daɗi, amma inda akwai wadata da zaman lafiya bambancin yakan ragu ƙwarai. In mun kafa bishara a kan lissafi, Finlan za ta rushe mana ita.

Binciken yana da amfani, gama ya tuna mana kada mu yi sakaci da taruwa. Amma ba zai iya auna bangaskiya ba. Bulus da Sila sun raira waƙa a kurkukun Filibi, bayansu duk bulala. Wane maki za a ba su? Ubangiji bai yi mana alkawarin rayuwa marar wahala ba.

Saboda haka kada mu yi wa marar bi fahariya da alƙaluma. Mu ziyarce shi ran da ba shi da lafiya, mu zauna tare da shi ran makoki. Ta haka zai ga abin da muka gaskata.